NATO: Ƙawancen Da Ya Rasa Abokin Gaba, Ya Ƙi Watsewa

Ranar 20 ga Disamba, 1991, a hedikwatar ƙungiyar tsaro ta NATO da ke Brussels, ministocin ƙasashen Yamma suka zauna teburi ɗaya da wakilan ƙasashen da suka shafe shekara 40 suna auna juna da makamai. Zaman farko ke nan na wata sabuwar majalisar tuntuɓa da aka ƙirƙiro don tsofaffin abokan gaba su riƙa ganawa. Ana dab da tashi, an riga an daidaita a kan sanarwar bayan taro, sai jakadan Tarayyar Sobiyat ya ce yana da magana. Umarni ya iso masa daga Mosko: a cire sunan Tarayyar Sobiyat daga takardar, domin ƙasar da ya shigo zauren da sunanta ta gama yayi, Rasha kaɗai yake wakilta yanzu. Kwana 5 bayan nan shugaban Tarayyar Sobiyat Mikhail Gorbachev ya yi murabus, aka sauke jar tuta daga kan fadar Kremlin.

Don wannan ƙasa da ta ɓace aka kafa NATO. A watan Afrilun 1949 ƙasashe 12, ciki har da Amurka da Kanada da Birtaniya da Faransa da Italiya, suka sa hannu a Washington kan yarjejeniyar da zuciyarta ita ce sashe na 5: wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ana danganta wa babban sakatarenta na farko, Lord Ismay, cewa aikin ƙungiyar uku ne: a tare Rashawa a waje, a riƙe Amurkawa a ciki, a hana Jamusawa sake miƙewa. Duk tsawon yaƙin cacar baka, NATO ba ta yi yaƙi ko sau ɗaya ba. Jibge tankoki da makaman nukiliya a tsakiyar Jamus ta yi, ta zauna tana kallon kishiyarta, ƙawancen Warsaw, ita ma tana kallon ta.

A watan Yulin 1991 ƙawancen Warsaw ya rushe kansa. Masu bin tarihi sun zaci NATO ma ta kusa, don haka aka saba gani: ƙawancen soja kan mutu da mutuwar dalilinsa. Takwarorinta biyu da aka kafa a Asiya da Gabas ta Tsakiya, SEATO da CENTO, tun 1977 da 1979 aka binne su ba wanda ya yi kuka. Halin NATO a lokacin kamar na maigadi ne da aka ɗauka saboda ɓarawo guda da ya addabi unguwa, sai ɓarawon ya mutu: ko dai ya naɗe tabarmarsa ya koma gida, ko ya nemo wa kansa wani aikin da zai sa a ci gaba da biyan sa.

Na biyun ta zaɓa, kuma tarihin shekaru 30 da suka biyo baya tarihin wannan neman aiki ne. Wanda ya bi shi a tsanake zai ga abu guda na maimaita kansa. Inda NATO ta tsaya kan tsare mambobinta, ta yi nasarar da ba a musu. Inda ta fita gyaran ƙasashen wasu kuwa, sau ɗaya aka ga abin kirki, sauran kuma waɗanda ba su da kujera a Brussels ne suka biya kuɗin gwajin.

Dalilan da suka hana ta watsewa ba ɓoyayyu ba ne. Jamus ta haɗe a watan Oktoban 1990, kuma maƙwabtanta da suka ɗanɗana kuɗarta sau biyu a ƙarni guda sun fi samun barci idan sojojinta na ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa. Amurka ba ta son rasa kujerar da take juya al'amuran Turai daga kanta. Har gobe babban kwamandan dakarun NATO Ba'amurke ne, babban sakatare kuma Bature. Ga kuma masu ƙwanƙwasa ƙofa daga gabas. A Afrilun 1993 Lech Walesa na Poland da Vaclav Havel na Jamhuriyar Czech suka gana da Bill Clinton a Washington, buƙatarsu guda: a buɗe musu. A shekarar ce Sanata Richard Lugar ya faɗi maganar da ta zama taken zamanin, cewa ko NATO ta fita aiki wajen yankinta, ko ta rufe shago.

Aikin bai daɗe ba ya zo, daga Bosniya. Da Yugoslabiya ta fara wargajewa, shugabannin Turai suka bugi ƙirji cewa lokacinsu ne, ba sai Amurka ta sa baki ba. Sai ga birnin Sarajevo a kewaye kusan shekara 4, ana harbin masu ɗibar ruwa da masu layin burodi daga kan duwatsu. Dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙasa ba su da izinin yaƙi, jiragen NATO na sama ba sa iya kai hari sai majalisar ta amince. A Fabrairun 1994 jiragen ƙungiyar suka harbo jiragen Sabiyawa 4 da suka keta dokar hana shawagi, kuma wannan ne faɗan farko da NATO ta taɓa yi tun kafa ta. Bai hana komai ba. A 1995 Sabiyawan Bosniya suka kama sojojin majalisar suka ɗaure wasunsu a wuraren da ake tsoron za a kai wa hari. A watan Yulin shekarar aka shiga Srebrenica, garin da majalisar da bakinta ta kira tudun mun tsira, aka ware maza da samari Musulmi fiye da 8,000 aka kashe su, sojojin Holan da ke gadin garin na nan.

Bayan wannan abin kunya, da kuma harin da aka kai wa kasuwar Sarajevo a ƙarshen Agusta, NATO ta yi makonni tana ruwan bama-bamai kan sansanonin Sabiyawa, a daidai lokacin da dakarun Bosniya da na Kuroshiya ke matsa musu ta ƙasa. Kafin shekara ta ƙare an ƙulla yarjejeniyar Dayton, sojoji 60,000 sun shiga tabbatar da ita, har da na Rasha suna aiki kafaɗa da kafaɗa da na Amurka. Bosniya ta fito da tsarin mulki mai sarƙaƙiya wanda har yau yake ba ta wahala, amma yaƙin bai sake tashi ba. Duk mai sukar NATO da gaskiya dole ya ajiye mata wannan a gefen lada, ya ƙara da cewa ta makara da shekara 3.

Matsalar nasara ita ce takan sa a ɗauka an gano maganin kowace cuta. Darasin da manyan biranen Yamma suka ɗauka daga Bosniya shi ne jiragen sama na iya warware rikicin siyasa ba tare da an zubar da jinin sojan gida ba. A ranar 24 ga Maris, 1999 aka gwada shi a kan Sabiya saboda Kosovo, wannan karon ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, don an san Rasha za ta hau kujerar na-ƙi. Firaministan Rasha Yevgeny Primakov na cikin jirgi a kan tekun Atlantika zai je Washington lokacin da aka shaida masa za a fara, nan take ya sa aka juya akalar jirgin zuwa Mosko. An zaci kwanaki kaɗan za a yi. Sai da aka yi kwana 78. Dakarun shugaban Yugoslabiya Slobodan Milosevic sun kori Albaniyawan Kosovo dubu ɗaruruwa daga gidajensu, wannan gaskiya ne, kuma yawancinsu sun koma bayan yaƙin. Gaskiya ne kuma bama-baman NATO sun faɗa kan gidan talabijin na Belgrade, da ayarin 'yan gudun hijira, da ofishin jakadancin Sin inda 'yan jarida 3 suka mutu. Wani kwamitin bincike mai zaman kansa ya yanke daga baya cewa yaƙin ya saɓa wa doka amma yana da hujja. Irin wannan hukunci ƙofa ce da ba ta rufuwa. Da Vladimir Putin ya tashi kare ƙwace yankin Kirimiya a 2014, Kosovo ya kafa hujja da ita.

Kwana 12 kafin fara wancan yaƙi, Poland da Hungary da Jamhuriyar Czech suka zama mambobi. A nan ne gardamar da ba ta ƙarewa take. Rashawa na cewa an yi musu alkawari an saɓa, kuma ba ƙirƙira suka yi ba: a Fabrairun 1990 sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya ce wa Gorbachev ikon NATO ba zai matsa gabas ko da inci guda ba. Sai dai maganar baka ce, a kan batun haɗewar Jamus, lokacin da ƙawancen Warsaw ke raye. Abin da aka rubuta a yarjejeniyar Satumbar 1990 ya tsaya kan tsohuwar Jamus ta Gabas: ba za a girke sojojin waje ko makaman nukiliya a can ba. Gorbachev da kansa ya ce a 2014 ba a tattauna faɗaɗa ƙungiyar ba a wancan lokaci, amma faɗaɗawar ta saɓa wa ruhin abin da aka faɗa masa. Kowane ɓangare rabin maganarsa yake ɗauka.

Akwai Amurkawan da suka yi gargaɗi. George Kennan, wanda shi ya zana dabarar killace Tarayyar Sobiyat tun 1947, ya rubuta a 1997 cewa faɗaɗa NATO zai zama kuskure mafi muni a siyasar Amurka ta bayan yaƙin cacar baka. Abin da masu jawo sunansa kan manta shi ne ƙasashen da suka shiga ba jan su aka yi da igiya ba. Mutanen Hungary na tuna tankokin Sobiyat na 1956. Mutanen Prague na tuna 1968, lokacin da ƙawancen Warsaw ya yi babban aikin sojansa guda ɗaya tilo, wato mamaye mambansa. Estoniya da Latbiya da Lituweniya, Tarayyar Sobiyat ta haɗiye su a 1940 ba a tambaye su ba. Mai karatu daga ƙasar da aka taɓa yanka wa iyaka a teburin Turawan mulkin mallaka a Berlin bai kamata ya sha wahalar gane dalilin da ƙaramar ƙasa za ta ƙi yarda manya su sake yanke mata makoma a bayan idonta ba. A 2004 ƙasashe 7 suka shiga a rana ɗaya, har da waɗancan ukun na gaɓar tekun Baltic. Mosko ta yi gunaguni, amma a shekarun nan dangantaka ba ta yanke ba: an kafa majalisar NATO da Rasha a 2002, kuma Putin da kansa ya taɓa cewa a wata hira da BBC a 2000 bai ga abin da zai hana Rasha shiga ƙungiyar ba.

Wani abin mamaki shi ne sashe na 5, da aka rubuta don Amurka ta kawo wa Turai ɗauki, sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, kuma don Amurka aka yi, washegarin harin 11 ga Satumba, 2001. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Afganistan. A Agustan 2003 NATO ta karɓi jagorancin rundunar ƙasa da ƙasa a can, rundunar da ta kumbura har ta haura sojoji 130,000 daga ƙasashe kusan 50. Kowace ƙasa da nata sharaɗin: wasu ba sa fita da dare, wasu ba sa zuwa kudu inda wuta ke ci. Birtaniya ta rasa sojoji 457, Kanada fiye da 150, ƙaramar Denmark fiye da 40. Afganawan da suka mutu, soja da farar hula, sun ninka haka sau da yawa, kuma ba a jera sunayensu a bangon tunawa. Ƙarshen labarin ya nuna wa ke da ƙungiyar. Gwamnatin Donald Trump ta ƙulla yarjejeniya da Taliban a Doha a Fabrairun 2020 ba tare da gwamnatin Kabul ba, Joe Biden ya sa ranar fita, sauran mambobi suka bi sahu ko sun so ko sun ƙi, don ba mai iya zama idan babu jiragen Amurka. Ranar 15 ga Agusta, 2021 Taliban ta shiga Kabul, bayan shekara 20.

Afirka kuwa ta san NATO tun kafin wannan. Yarjejeniyar 1949 ta ambaci Aljeriya da suna a cikin yankin da za a kare, a matsayin wani sashe na Faransa, kuma Fotugal ta Salazar, mamba tun ranar farko, ta yi shekaru tana yaƙar masu neman 'yanci a Angola da Mozambik da Gini Bisau. Aikin ƙungiyar na farko a nahiyar bayan yaƙin cacar baka mai sauƙi ne: daga 2005 ta riƙa kwasar dakarun Tarayyar Afirka zuwa Darfur, ciki har da na Najeriya da Ruwanda. Ta kuma yi sintirin 'yan fashin teku a gaɓar Somaliya. Sannan 2011 ta zo.

Ƙudiri mai lamba 1973 da Kwamitin Sulhu ya zartar ranar 17 ga Maris, 2011 ya ba da izinin ɗaukar duk matakin da ya wajaba don kare fararen hula a Libiya, lokacin da dakarun Mu'ammar Gaddafi ke dosar Bengazi. Ƙasashe 10 suka amince, 5 suka ƙaurace: Rasha da Sin da Indiya da Birazil da Jamus. Akwai abin da ba a cika son tunawa ba a wannan yanki namu: ƙasashen Afirka 3 da ke kwamitin a lokacin, Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, duk sun ɗaga hannun amincewa, kuma ba don ƙuri'unsu ba da ƙudirin bai samu 9 da ake buƙata ba. Ba a yi wata guda ba ma'anar kare farar hula ta sauya. A tsakiyar Afrilu Barack Obama da David Cameron da Nicolas Sarkozy suka fitar da maƙala ta haɗin gwiwa suna cewa ba a iya tunanin makomar Libiya da Gaddafi a kan mulki. Tarayyar Afirka ta naɗa kwamitin shugabanni 5, ciki har da Jacob Zuma na Afirka ta Kudu da Amadou Toumani Touré na Mali, da taswirar tsagaita wuta. Gaddafi ya ce ya karɓa, 'yan tawayen Bengazi suka ƙi, kuma ba su da dalilin karɓa tunda suna da rundunar sama mafi ƙarfi a duniya a bayansu. Jiragen NATO sun tashi sau fiye da 26,000 a cikin wata 7. Ranar 20 ga Oktoba suka buga ayarin motocin Gaddafi yana ficewa daga Sirte, mayaƙan ƙasa suka ƙarasa shi. Ranar 31 ga wata ƙungiyar ta ce aiki ya kammala, ta tattara ta tafi.

A takardun Brussels nasara ce mai tsabta, ba a rasa soja ko ɗaya a fagen daga ba. A Dirku da Agadas na Nijar kuwa abin da aka gani manyan motoci ne maƙare da 'yan ci-rani, 'yan Nijar da Najeriya da Chadi da Mali, waɗanda suka gudo da abin da hannu ya iya ɗauka, wasu bayan an yi musu kuɗin goro cewa duk baƙar fata sojan hayar Gaddafi ne. Ƙauyukan jihohin Tawa da Damagaram da suka dogara da aiken Libiya suka wayi gari mai aikowa ya dawo ya zama ƙarin baki a tukunya. Rumbunan makaman da Gaddafi ya tara shekara 42 suka zauna a buɗe. Shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya sha faɗa cewa ya gargaɗi shugabannin manyan ƙasashe a taronsu na Deauville a Mayun 2011 kan abin da zai biyo baya. Nijar ta yi ƙoƙarin karɓe makaman masu dawowa. A Mali suka wuce da kayansu. A Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, a Maris sojoji suka kifar da Touré, wanda bara yake yawon sulhun Libiya, kuma cikin 'yan kwanaki Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗi. A Mayun 2013 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hari barikin Agadas da mahaƙar yuraniyom ta Arlit.

Ba adalci ba ne a ɗora wa NATO duk masifar Sahel. Tawayen Abzinawa a Mali ya faro tun 1963, masu iƙirarin jihadi sun gangaro daga Aljeriya tun kafin Gaddafi ya faɗi, Boko Haram ta ɗauki makami a 2009, kuma bindigogi da dama da ke hannun 'yan ta'adda daga barikokin gwamnatocin yankin aka ƙwace su ko aka saye su. Shugabannin da suka ga dama sun mayar da Libiya wurin rataya gazawarsu. Amma wanda ya rushe ƙasa mai iyaka da Nijar da Chadi da Sudan da Aljeriya, bai tanadi komai na washegari ba, ba zai ce ba ruwansa ba. Idriss Déby na Chadi ya faɗa wa Turawa haka ido da ido a taron tsaro na Dakar a Disambar 2014, cewa sun sayar da kaya sun gudu ba su tsaya gyara ba. Obama ya amsa a 2016 cewa rashin shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinsa, kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ma ya ɗora wa Cameron laifi a shekarar. Ba wanda ya rasa ko fansho a cikinsu. Rasha kuwa ta ce an yaudare ta da ƙudiri na 1973, kuma daga Oktoban 2011 ta fara jerin hawa kujerar na-ƙi kan Siriya.

Yayin da ƙungiyar ke yawon duniya, gidanta ya saki jiki. Jamus ta dakatar da aikin soja na dole a 2011, Holan ta yanke shawarar rabuwa da tankokinta duka a shekarar, tankokin Amurka na ƙarshe suka bar Jamus a 2013. Takardar manufofin da aka amince da ita a Lisbon a 2010 tana neman Rasha ta zama abokiyar hulɗa, har shugabanta na lokacin, Dmitry Medvedev, ya halarci taron.

Amma an riga an dasa rikicin a Bucharest a Afrilun 2008. George Bush ya so a ɗora Yukiren da Jojiya kan hanyar zama mambobi, Angela Merkel da Sarkozy suka ƙi. Don kada a tashi baram-baram, aka rubuta cewa ƙasashen biyu za su zama mambobi wata rana, ba a faɗi ranar ba, ba a ba su kariya ba. A duk shawarwarin da NATO ta yanke tun 1991, da wuya a sami wadda ta kai wannan sakarci: ta isa ta harzuƙa Mosko, ba ta isa ta tsorata ta ba. Wata 4 bayan nan tankokin Rasha suka shiga Jojiya. A 2014 aka ƙwace Kirimiya, ranar 24 ga Fabrairu, 2022 aka auka wa Yukiren gaba ɗaya, ƙasar da a 1994 ta amince ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada bisa alkawarin Rasha da Amurka da Birtaniya na mutunta iyakokinta. Masu cewa faɗaɗa NATO ne ya jawo yaƙin suna da abin faɗa, amma akwai tambayar da ba sa amsawa. Estoniya ta fi Yukiren kusa da St. Petersburg, ba ta kai mutum miliyan 2 ba, tana da 'yan asalin Rasha masu yawa, kuma ba a taɓa ta ba. Waɗanda aka mamaye su ne waɗanda aka bari a bakin ƙofa.

Putin ne ya mayar wa NATO aikinta na asali. A 2017 ta girke bataliyoyi 4 a ƙasashen Baltic da Poland, ƙarƙashin Birtaniya da Kanada da Jamus da Amurka. Ba su da yawan da za su tare mamaya. Amfaninsu shi ne duk wanda ya tsallako sai ya kashe sojan London ko na Berlin a ranar farko, daga nan yaƙin ya zama na kowa. A 2019 Emmanuel Macron ya ce ƙwaƙwalwar ƙungiyar ta mutu. Shekara 3 bayan haka Finland da Suwidin, wadda ta yi shekara 200 ba ta shiga ƙawancen yaƙi ba, suka nemi shiga. Turkiyya ta ja musu rai kan batun Kurdawa da ƙona Alƙur'ani a Stockholm, domin a NATO ba a yanke komai sai kowa ya yarda, amma Finland ta shiga a Afrilun 2023, Suwidin a Maris na 2024. Mambobi suka zama 32, iyakar ƙungiyar da Rasha ta ƙaru da kilomita kusan 1,300. Takardar Madrid ta 2022 ta kira Rasha babbar barazana kai tsaye. Sahel ma ta samu ambato a ciki, a matsayin wurin da matsala ke iya tasowa ta iso Turai, ba tare da waiwayar yadda ta faro ba.

Saura batun kuɗi, wanda a ƙarƙashinsa batun Amurka ne. A taron Wales na 2014 aka amince kowace ƙasa ta nufi kashe kashi 2 cikin 100 na abin da tattalin arziƙinta ke samarwa kan tsaro. Ƙasashe 3 kacal ke cika hakan a lokacin. A 2024 sun kai 23. A taron Hague na Yunin 2025, ƙarƙashin sabon babban sakatare Mark Rutte, aka ɗaga mizanin zuwa kashi 5 nan da 2035, Sifaniya kaɗai ta fito fili ta ce ba za ta iya ba. Tsoron Putin ya yi rabin wannan aiki, tsoron Trump ya yi sauran. A wani gangamin zaɓe a Fabrairun 2024 ya ce ƙasar da ba ta biya ba, zai ƙarfafa wa Rasha gwiwa ta yi mata abin da ta ga dama. Turawa sun san maganar ba ta wofi ba ce, domin sashe na 5 bai tilasta wa kowa yaƙi ba. Cewa ya yi kowace ƙasa za ta ɗauki matakin da ita ta ga ya dace, kuma an rubuta shi haka ne a 1949 saboda 'yan majalisar dattawan Amurka ba su yarda a ɗaure musu hannu ba.

Akwai kuma abin da yarjejeniyar ba ta tanada ba sam, wato idan barazanar daga cikin gida ta fito. An ɗanɗana hakan a 1974, lokacin da Turkiyya ta tura soja Cyprus, Girka ta fusata ta janye daga rundunar haɗin gwiwa har zuwa 1980. Wancan rikicin ƙanana biyu ne, kuma akwai babba da zai shiga tsakani. A Janairun 2025, kwanaki kafin ya koma fadar White House, aka tambayi Trump ko zai kawar da yiwuwar amfani da ƙarfin soja don mallakar tsibirin Greenland, ya ce ba zai yi wannan alkawari ba. Greenland yanki ne na masarautar Denmark, ɗaya daga cikin ƙasashe 12 da suka sa hannu a Washington a 1949, wadda ta kwaso gawarwakin 'ya'yanta daga lardin Helmand na Afganistan saboda harin da aka kai wa New York.